Ranar da Motar Armaya'u Ta Shigo Shiru

Mutanen Batsari sun fi son su ce aikin soja ne ya ƙwace wa Armaya'u baki, amma duk wanda ya san shi tun a Runka, inda aka binne cibiyarsa, ya san ba haka ba ne. Tun yana saurayi in ka gaishe shi sau uku zai amsa ɗaya, ya ajiye maka biyun sai wani jiƙon. Ubansa manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, shi ma da a kan fartanya zai tsufa in da ba a zo neman samari ba lokacin yaƙin Bama. Aka ce kowace unguwa ta kawo mutum. Mai unguwarsu ya duba gabas ya duba yamma, ya ga babu wanda zai tafi ba gardama sai Armaya'u, ya nuna shi.

A can ne aka gane hannunsa ya fi bakinsa amfani. Aka koya masa tuƙi, daga baya wani tsohon makanike Ba'indiye, wanda shi ma surutu bai dame shi ba, ya ja shi jiki ya koya masa aikin wayar mota. Shekara biyu suka yi tare, wannan ba ya jin Hausa, wancan ba ya jin Indiyanci, sai nuni da yatsa. Da aka gama yaƙi Armaya'u ya dawo gida da lasin tuƙi, da tarin da ke taso masa duk damina, da wani akwatin ƙarfe da ya cika da guntayen waya da notuna da tarkacen da kowa ya gani zai ce shara ce.

A daidai lokacin Alhaji Mani, mai sayen gyaɗa a Batsari, ya sayi babbar mota mai bodin katako, irin wadda ake hawa bayanta da tsani. Ita kaɗai ce motar da ke kwana a wannan yanki. Ya nemi direba, aka ce ga wani tsohon soja a Runka da ba ya sha ba ya caca, ba ya ma magana. Alhaji ya ce shi yake nema. Litinin Armaya'u ya ɗauki gyaɗa ko fatu ya bi ta Katsina ya kai Kano, Alhamis ranar kasuwa ya dawo da gishiri da kananzir da atamfa, Lahadi ya leƙa Safana. Haka sati ke zagayowa, rani da damina, in dai rafi bai hana ba.

A kan hanyar Safana ɗin ya sami mata. Mota ta yi zafi kusa da Zakka, ya sauka da gwangwani neman ruwa, ya tarar da 'yan mata a bakin rijiya. Ɗaya ta dube shi ta ce ashe jakin Turawa ma ƙishirwa yake ji. Lahadin da ta zagayo motar ta sake jin ƙishirwa a daidai rijiyar nan, ta gaba ma haka. Sunanta Bara'atu. Marainiya ce, ƙanwar ubanta, Goggo Hussaina, ita ta goye ta ta raine ta, don haka ita ce surukar Armaya'u. Shekara tara da auren bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar tsohuwar ba. In ya je Zakka daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ya gaishe ta kansa a ƙasa, ta amsa daga ciki, ya tashi. Ƙafafunta da muryarta kawai ya sani.

Bara'atu ita ke yin maganar gidan duka, tata da tasa. Ta haifa masa biyu, duk suka koma tun ba a yaye su ba, bai ƙara aure ba, ita kuma ba ta daina tsokanarsa ba. Ita ce ma ta tsara masa yadda zai riƙa danna hon. Akwai wani ɗan tudu gabas da gari, mil guda kafin kasuwa. In ya hau shi sai ya ja ɗaya dogo, ya bi shi da biyu gajeru. Don ita aka fara, amma gari duka ya gaje shi. Masu fura su ɗauki ƙwaryarsu, 'yan dako su tashi daga inuwa, mai jiran saƙo ya sa takalmi. Har ta kai mutanen Batsari sun daina duban hanya, sun bar wa kunne aikin ido. In ba a ji hon ba, to mota ba ta zo ba, ko da kuwa ƙurarta ka gani.

A ƙarshen daminar shekara ta tara shawara ta kwantar da Bara'atu. Idanunta suka yi ɗorawa, abinci ya ƙi zama. Goggo Hussaina ta zo daga Zakka jinya. A kwanakin nan ne kuma hon ya fara wasa, yau ya yi gobe ya shaƙe, wani lokaci sai ya murɗa sitiyari kaɗan kafin ya amsa. Armaya'u ya san ciwon. Wayar da ta bi ta cikin sandar sitiyari ce ta goge, tana taɓawa tana saki. Gyaranta sai an zare sitiyarin gaba ɗaya, yinin guda cur a garejin Katsina, ga kakar gyaɗa ta kama, Alhaji ba ya son mota ta tsaya ko na sa'a ɗaya. Ya bar shi a kan sai an sami sarari.

Ranar Litinin da safe yana ɗaura igiyar takalmi Bara'atu ta yi masa magana daga kan gado. Ta ɗan sami sauƙi, har ta sha kunu.

“Malam, muryar motarka ta dishe. Ka gyara ta mana. Ni da nike kwance ba ni da komi sai kunne.”

Bai yi barcin kirki ba kwana huɗu, tarinsa ya taso, ga 'yan dako na jiransa. Ya ce, “Hon ɗin ne zai warkar da ke? Ki bar ni in ji da abin da ke gabana.”

Ta juya fuskarta bango. Shi kuma ya fita ko “sai na dawo” bai ce ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Kafin ya kai Katsina maganar ta dame shi, ya yi ta juya yadda zai ba ta haƙuri in ya dawo. A Kano ya saya mata lemo da sabulu mai ƙamshi.

Alhamis da azahar ya hau tudun nan ya danna. Shiru. Ya murɗa sitiyari ya sake dannawa, ko tari hon bai yi ba. Ya ce a ransa to ta yanke ke nan, ya gangara ya shiga ta bayan kasuwa ya tsaya wajen sikelin gyaɗa. Gidansa na can yamma da gari, bayan marina, tafiyar da ba ta kai a tauna goro guda ba. Yana iya zuwa ya dawo kafin a kwance igiyar tamfol. Amma kaya sai direba na tsaye ake sauke su, kuma gaskiyar magana ƙafarsa ta yi nauyi, don bai gama shirya abin da zai ce mata ba. Aka sauke gishiri, aka sauke kananzir. Ya yi la'asar a masallacin kasuwa. Ya tsaya wajen maƙwabcinsa Mamman mahauci ya ci tsire tsinke biyu, Mamman ya ba shi labarin wani Bafillace da ya sayar da sa ya dawo yana nema a bar shi ya yi masa sallama, har Armaya'u ya yi dariya. Mamman tun asuba yake kasuwa, bai san matarsa Asta tana gidan Armaya'u tun hantsi ba.

Da ya doshi gida da ƙullin lemo a hannu ya ga takalma a ƙofar zaure. Bara'atu ta cika ana kiran la'asar. Tun azahar jiki ya rikice, tana ta tambayarsa, ba wanda ya je kasuwa kiransa, don ba a ji hon ba.

Kafin magariba aka kai ta. Ya ɗauki makara tare da mutane, ya tsaya a sahu, ya zuba ƙasa. Da liman ya nemi a yafe mata, bakinsa ya ce ya yafe duniya da lahira. Yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ba abin da ya motsa. Jikinsa kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa yana gani amma ba ya ji. Abu ɗaya ne kawai ya rage yana yawo a kansa. Shi ya yafe mata, ita fa? Ta tafi da maganar nan ta ranar Litinin a ranta, ko ta sauke masa ita kafin ta tafi?

Ya sa Mamman ya tambayi Asta. Asta ta ce ita ta fita kiran malamin unguwa lokacin da abin ya zo, Goggo Hussaina kaɗai ke kanta. Goggo kuwa tun da aka fita da gawa ba ta ce uffan ba. Da Armaya'u ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa, “amin” ɗaya ta jefo masa, ta ja bakinta ta rufe. Ya ɗauka fushi take yi da shi, kuma bai ga laifinta ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar ce ba shi da ikon dubawa, balle ya buɗe baki ya tambayi surukarsa abin da matarsa ta ce a kansa. Ranar Asabar za a yi sadakar uku, Lahadi mutanen Zakka su koma gida, ita ma ta tafi da abin da ta sani.

Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna karɓar gaisuwa.

“Ashe haka Allah ya yi ikonsa? Ya haƙuri?”

“Da godiya.”

“Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.”

“Amin.”

Mutum ya tashi, wani ya zauna. Wajen na talatin ya lura yana cewa “da godiya” tun kafin a tambaye shi. Idonsa na kan tabarma, amma abin da yake gani ita ce wayar nan a cikin sandar sitiyari, inda ta goge, yadda bakinta biyu ke kallon juna ba su haɗu ba. Da hantsi ya yi sai ya miƙe, ya sa takalmi, ya shiga zaure ya yi sallama ya kira Asta. Ya ce ta miƙo masa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon marigayiya. Ya ji an ja akwatin a ƙasa. Ya saɓa shi a kafaɗa ya ratsa masu gaisuwa ya nufi kasuwa, suna binsa da ido.

Kasuwa fayau, sai awaki na tsintar ɓawon gyaɗa. Ya buɗe bakin mota ya tokare. Da farko ya so ya tabbatar hon ɗin kansa na da rai, ya kwance shi daga mazauninsa, ya ɗauki guntuwar waya ya taɓa shi kai tsaye da batir. Ya yi wata 'yar ƙara a hannunsa, ya saki da sauri. Lafiyarsa ƙalau, hanya ce ta yanke masa. Tsohon Ba'indiyen nan da yatsa ya koya masa cewa wutar mota fita take yi daga batir, ta bi waya ta yi aikinta, ta komo ta jikin ƙarfen motar. In hanya ta lalace a inda hannu ba ya kaiwa, ba a tsayawa tonon ta, sabuwa ake ja. Tun makonni uku da suka wuce ya san haka. Garejin Katsina yake jira don yana son maɓallin ya zauna a tsakiyar sitiyari yadda masu motar suka yi shi, kada a ce motar Armaya'u da faci.

Yana warware naɗin waya Mamman ya iso yana haki.

“Haba Armaya'u. Haba. Mutane sun zo tun daga Ruma, ka bar su da tabarma? Mi za a ce?”

“Riƙe mini nan.”

“In riƙe maka mi? Jiya-jiya anka rufe ta.”

“Bakin wayar. Kada ka bari ta taɓa ƙarfe.”

Mamman ya dube shi, ya dubi wayar, ya ga in bai riƙe ba ma ba tashi zai yi ba, ya riƙe. Armaya'u ya fere bakin wayar da wuƙa, ya murɗe zaren jan ƙarfen, ya naɗa shi a noti kusa da batir amma bai ɗaure ba tukuna. Taƙi guda daga nan ya yanke ta ya sa fis a tsakani, don in wata rana ta goge a jikin ƙarfe fis ɗin ya ƙone maimakon mota. Ya bi gefen inji da ita nesa da inda ke zafi, yana ɗaure ta da tsinken roba da ya yanko daga tsohon tif na taya. Akwai wata 'yar huda a bangon da ya raba inji da wurin zaman direba, ya cusa mata guntun roba don kada bakin ƙarfen ya ci wayar, ya zura ta ciki.

Alhaji Mani ma ya zo, da carbi a hannu, ya tsaya nesa kaɗan.

“Direba, wa ya sa ka? Ni ban sa ka ba. Motar nan ba gudu za ta yi ba, ka bar ta ko sati biyu ne.”

“Na kusa, Alhaji.”

Alhaji ya ce Allah ya kyauta, ya juya. Kafin ya kai gida ya gaya wa mutum uku cewa ba shi ya sa shi ba.

A gindin akwatin akwai wani maɓalli baƙi da ya ciro daga wata motar soja da ta ƙone, shekara goma yana ajiye. Ya goge bakinsa da yashi har ya yi haske, ya ɗaure shi a gefen sandar sitiyari da ɗan ƙarfe da noti biyu, daidai inda babban yatsa zai kai ba sai an saki sitiyari ba. Wayar da ta zo daga batir ta shiga ƙafar maɓallin ɗaya. Daga ɗaya ƙafar ya ja wata ta koma ta hudar nan har gaban mota, ya mai da hon mazauninsa ya haɗa. Ya kankare tsatsa a jikin ƙarfen motar har ya yi fari, ya ɗaure gajeriyar waya daga hon zuwa wurin. Tsohuwar wayar kuwa ya yanke ta, ya naɗe bakinta, ya bar ta a cikin sitiyari. Aikin da ya yi makonni uku yana ɗagawa bai kai tsakanin hantsi da kiran sallar Juma'a ba.

Ya ɗaure notin batir, ya hau ya zauna. Niyyarsa ya ɗan taɓa ne kawai ya ji ko wuta ta iso. Amma yatsa ya riga ya saba, ya ja ɗaya dogo, ya bi shi da biyu gajeru. Sabuwar waya ce mai kauri, hon ya buɗe murya yadda bai yi ba shekara da shekaru, awaki suka watse, ƙarar ta ratsa gari ta dawo. Sai daga yamma, ta bayan marina, kuka ya tashi. Muryar mata ce da yawa, amma akwai ɗaya ta tsohuwa da ta fi sauran tsawo, wadda tun jiya ba a ji ta ba.

Mamman ya saki baki. “Ka ji abin da ka yi?”

Ya ji. Ya ji shi kamar kukan makokin wata unguwa. Ya sauko ya tattara filaya da wuƙa da ragowar waya ya mayar akwati, ya rufe bakin mota, ya wanke hannu da kananzir da ƙasa, ya je masallaci. Bayan an sauko ya koma kan tabarmarsa ya ci gaba da cewa “da godiya”. Daga ranar aka yanke masa hukunci a Batsari, cewa soja ya cire masa zuciya ya sa dutse, kuma har ya bar tuƙi akwai matan da in sun gan shi sai su kau da kai. Bai taɓa gaya wa kowa dalilinsa ba, don shi ma da za a matsa masa ba shi da wani dalili da zai faɗa.

Asabar aka yi sadaka, aka raba waina da gumba. Sau biyu ya je bakin ƙofa ya tsuguna da tambayar a bakinsa, sau biyu ya tashi da gaisuwa kawai.

Lahadi Alhaji ya ce a kai mutanen Zakka gida a mota, tunda dama hanyar Safana ce. Maza da mata suka hau baya da tsani. Goggo Hussaina ba ta iya hawa saboda ƙugunta, aka buɗe mata gaba. Ta zauna can jikin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ajiye ƙullin kayanta a tsakaninsu. A cikin ƙullin akwai zannuwan Bara'atu, ya gane ɗaya ta gefen da ya leƙo. Suka kama hanya, shi yana duban gaba, ita tana duban gaba. Ya shirya tambayar ta hanya goma, kowace ya ɗauko sai ya ji ba ta dace da bakin suruki ba.

Sun wuce Runka kaɗan, inda burtali ya ratsa hanya, suka tarar da garken shanu sun cika ta, makiyayin na can baya. Ba yadda zai yi. Ya rage gudu ya danna maɓallin sau ɗaya, gajere. Tsohuwar ta zabura kamar an tsikare ta. Shanu suka fara darewa a hankali, ya tsaya yana jira, inji na kaɗawa.

“Shekaranjiya da ka busa abin nan,” in ji ta, ba ta juyo ba, “na ɗauka da ni kake.”

Bai gane ba.

“Tun azahar take kiranka. Ta ce Goggo, Malam bai iso ba? Na ce bai iso ba, ɗiyata, da ya iso da mun ji. Ta sake tambaya, na sake hwaɗa mata haka. Asta ta miƙe ta ɗau mayahi, ta ce bari ta leƙa kasuwa ko Allah ya sa. Ni na riƙe mata zane. Na ce zauna, ina za ki cikin maza ranar kasuwa, motar da ba ta yi kuka ba? Ta zauna. Ashe kana nan tsaye. Ni na hana a kira ka.”

Saniya ta ƙarshe ta tsallake. Hanya ta buɗe, amma bai sa giya ba. Daga bayan mota wani ya buga bodi yana tambayar ko lafiya. Armaya'u ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Goggo, ta ce wani abu a kaina?”

“Ta ce akwai maganar da za ta hwaɗa maka. Na ce ba ni in aje maka. Ta ce a'a, da bakinta za ta hwaɗa, tana jira.”

“Da fushi ta faɗa?”

Yana ganin hannunta ta gefen ido, yana murza bakin ƙullin.

“Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Idonta a ruhe yake, muryar kuma ta tahi. Kwana ukun nan da kake zuwa bakin ƙohwa, na san abin da ke kawo ka. Na so in ce maka ta yahe, ko don ka samu barci. In na buɗe baki sai in tuna ita ma haka na ce mata ba ka iso ba, da tabbacina. Ba ni ƙara hwaɗin abin da ban sani ba.” Ta ja numfashi. “Ni dai ka yahe mani, Armaya'u. Ban da wanda zan roƙa sai kai.”

Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Ya zo da roƙo ya tarar ana roƙonsa, kuma abin da ya zo nema babu shi a hannun kowa a duniya. Ya juya ya dube ta. Tsohuwa ce ƙarama, da tsagar gado a kumatu irin ta Bara'atu, idanunta sun kumbura.

“Na yafe, Goggo,” ya ce. “Ba ki yi komai ba.”

Aka sake buga bodi daga baya. Ya taka kuloci ya sa giya, motar ta ja. Saura mil shida Zakka.